Ba butulci ba ne, 'yar'uwa, nima na gaji da "Allah sarki"

Assalamu alaikum. Sau uku na karanta tambayarki kafin na iya rubutu. Kin ce duk sanda ciwon sikilar yaronki ya tashi dangi sukan cika gida da "sannu" da "Allah sarki", ke kuwa ji kike kamar ki gudu, har kina tambaya ko butulci ne mutum ya gaji da tausayin da ake masa. Wallahi ba butulci ba ne. Shekara 11 ke nan ina rainon mai sikila.

Akwai wani daren hunturu, lokacin 'yata tana da shekara 6. Ciwon ya riƙe mata ƙirji da ƙafafu, idonta ya yi ɗorawa, leɓenta fari fat. Awon yawan jininta, wato PCV, ya sauka 13, likita ya ce sai an ƙara mata jini kafin gari ya waye. Dangin mahaifinta mutum 7 suka zagaye gadon. Yayarsa har da hawaye, tana tafa hannu tana salati. Da nas ta ce wa zai je a gwada jininsa, sai ɗakin ya yi tsit. Wannan ta ce jiri take fama da shi, wancan ya ce bai ci abinci ba, ɗaya ya fita amsa waya bai dawo ba. Mu kuwa iyayenta kin san AS ne, muna ɗauke da ƙwayar sikila, jinin mai AA wanda ba shi da ita ake nema.

Sai yayar ta sunkuyo, yarinya idonta biyu, ta ce wa ƙaninta: "Ai irin waɗannan yaran baƙi ne, kada ka ƙarar da abin hannunka." A ganinta tausayinsa take ji. Bayan wata biyu ina yi wa 'yata kitso, ta ɗago ta ce, "Mama, ni baƙuwa ce?" Matsefin sai da ya faɗi daga hannuna. Muna gaisawa da matar nan a biki da suna, amma in na ce zuciyata ta sake ta, na yi ƙarya.

Kin san wanda ya ba da jinin? Mai shayin bakin layinmu. Ganin mun fita a gigice ya rufe teburinsa ya biyo mu. Ko sannu ban ji ya ce ba, hannun rigarsa kawai ya naɗe. Da asuba ya koma ya hura wutarsa.

Tun ranar nake tuna hadisin da aka karantar da mu a Islamiyya, na matar da ta ga kare yana zagaya rijiya ƙishirwa na neman kashe shi, ta cire takalminta ta ɗebo ruwa ta shayar da shi, Allah Ya gafarta mata. Ƙuncin da tausayi ke sa wa a zuciya kowa na ji, wasu ma da sun zubar da hawaye sun huce, kayan kuma yana nan a kanki.

Abin da nake yi yanzu: duk wanda ya ce "me za mu yi miki?" ina faɗa masa kai tsaye. Ka ɗauko min yara daga makaranta, ki kwana da ita in runtsa. Kunya ta cuce ni shekaru. Wasu dangin ma ba mugunta ba ce, ba su san inda za su kama ba ne. Amma kada ki bari kowa ya yi wa yaro kuka a kansa, ko uwarki ce ki ja ta waje cikin ladabi. Yaran nan suna karanta fuska. In sanyi kuma ya kusa, ki tanadi safa da hula, ruwan ɗumi wajen wanka, ya yi ta shan ruwa, folik asid kada ya yanke. Ke ma ki riƙa cin abinci, na san ba kya ci.

Ki rubuto mana rukunin jininsa da garin da kuke. Ina da mutum 4 masu AA da nake kira ko tsakar dare ne, in kusa muke zan haɗa ku.