Tambayi Likita: Hayaƙin Bola, Ƙwan Kaji da Bakteriyar da Ke Cin Guba

Tambaya: Likita, ni ɗan gwangwan ne a Ojota, Legas, kusa da bolar Olusosun. Muna ƙona waya mu cire jan ƙarfe. Ban da tari, akwai wata illa?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa. Robar da ke jikin yawancin wayoyi tana da sinadarin kulorin, kuma idan aka ƙona ta a fili tana fitar da guba mai suna dayoksin. Tari kan wuce, amma ita a kitsen jiki take maƙalewa, sai ta yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinta ya fita. Tun 1997 aka sa nau'inta mafi muni cikin masu haddasa cutar kansa. Don Allah ku riƙa fere robar da wuƙa, duk da na san ya fi cin lokaci. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a kai shi asibiti.

Tambaya: Kajina a Agege suna kiwo inda ake ƙona shara. Yarana za su iya cin ƙwan?

Amsa: Hajiya, wannan ya fi damuna. Sama da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikinmu ta abinci yake shiga: nama, madara, kifi, ƙwai. Kaza tana tonon toka, gubar ta taru a gwaiduwa, dafawa kuwa ba ta kashe ta. A killace kajin nesa da wurin.

Tambaya: Ni ɗalibi ne. Na ji akwai bakteriyar da ke cinye wannan guba. Ana iya shan ta?

Amsa: Akwai ta, amma ba ta sha ba ce. An samo Sphingomonas wittichii a kogin Elbe na Jamus. Tana farfasa ƙwayar gubar idan akwai iska. Wata kuma, Dehalococcoides, a laka take zaune inda iska ba ta kaiwa, irin taɓon ƙasan lagun, wato tafkinmu na Legas, tana cire kulorin ɗaya bayan ɗaya. Abin yana burge ni ƙwarai. Sai dai aikinsu tafiyar hawainiya ce, don gubar tana manne wa ƙasa gam, kuma nau'in da ya fi haɗari shi ya fi yi musu taurin kai. Ƙasa da laka suke wankewa, ba jinin mutum ba. Duk wanda ya tallata maka su a kwalba, kada ka saya.