Amsa ga mai son ɗaura wa IS300 sufacajar Marsandi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na karanta har sau uku, na kasa cewa komai sai yanzu. Ka ce ka samu sufacaja, wato ƙarfen da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, a Ƙofar Ruwa wadda aka ciro daga tsohuwar Marsandi C230 Kompressor, kana so ka ɗaura wa Lexus IS300 ɗinka a gida da hannunka, kana tambaya ko birenbos ɗin motar, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, zai ɗauka yadda yake. Wallahi kamar ni na rubuta. Irin motar, irin ƙarfen, har kasuwar duk ɗaya.

Ba zai ɗauka ba. Ni ma haka aka ce mini zai ɗauka, kuma wannan maganar ce ta cinye mini inji.

Tawa motar ƙirar 2002 ce, mai otomatik. Wata huɗu na yi ina aikin a garejin gidanmu a Rijiyar Zaki, kullum bayan isha'i, da fitilar caji a rataye a bonet. Ƙarfen da ke hannunka Eaton M62 ne, mai kuloci na lantarki irin na kwamfuresar AC. Lita ɗaya yake turawa a kowane juyi. Injinka lita 3 ne, yana shaƙar lita ɗaya da rabi a kowane juyin karanshaf, saboda haka kafin ka ga matsin iska ko da rabin bar (ma'aunin matsin iska ke nan) sai ka juya ƙarfen fiye da ninki biyu na gudun inji. Idan inji ya kai juyi 6,000 a minti, shi yana wajen 14,000, a bakin iyakarsa ke nan, kuma a can zafi yake dafawa fiye da iskar da yake bayarwa. Ya yi wa motar nan kaɗan. Wanda ya fi shi girma, M90, shi ne ya dace da ita, amma tunda ka riga ka biya kuɗi ba zan ce ka zubar ba. Ka dai sa ranka a kan ɗan ƙari, kada ka yi ta rage girman fuli, wato faifan da bel ke juyawa, kana neman abin da ƙarfen ba shi da shi.

Burakit ɗin farko da faranti mai kauri milimita 6 na yi, yana lanƙwashewa idan bel ya ja, sau huɗu bel yana tsalle. Sai da na je Sharaɗa aka yanko mini na milimita 10, muka ɗora doguwar rula a fuskar fuli biyu har suka zo daidai. Wannan duk wahala ce mai daɗi, ba ita ta ƙona mini rai ba.

Abin da ya ƙona mini rai mutum ne. Ba zan kama sunansa ba, ba zan faɗi inda shagonsa yake ba, na bar shi da Allah. Wani abokina ne ya kai ni wajensa, aka ce duk garin nan babu wanda ya kai shi sanin kwamfutar mota. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce ina tsoron mai zai yi wa inji kaɗan idan iska ta ƙaru. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, “Alhaji, kai dai kawo mota, zan buɗe mata birenbos ta sha mai yadda kake so.” Ya karɓi N120,000. Motar ta kwana uku a wajensa. Ranar da na je ɗauka ya jona kwamfutarsa, ya nuna mini wasu layuka suna hawa suna sauka, ya ce an gama, in je in taka. Har addu'a na yi masa, har na ƙara wa yaransa na shan ruwa, don lokacin azumi ne. Daga baya, da wanda ya san aikin ya duba, ashe ko harafi ɗaya bai canza ba. Fitilar cek-inji kawai ya goge, ya wanke nozul. Birenbos ɗin IS300 ba ya buɗuwa da irin na'urar da ke hannunsa, kuma ya san haka lokacin da yake kallon idona yana ƙirga kuɗina. Da ya ce mini “ban iya ba” da har yau ina gaishe shi. Da na koma masa bayan abin ya faru ko tashi daga kan benci bai yi ba. Cewa ya yi ƙafata ce ta yi nauyi. A gaban yaransa. Na tsaya ina kallonsa, bakina da azumi, na rasa abin da zan ce, na juya na tafi. Har yau idan hanya ta bi da ni ta layin nan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Afrilun 2022 ne, wajen ƙarfe uku na rana, irin zafin nan da kwalta ke walƙiya kamar an zuba ruwa. Na hau Western Bypass ni da ƙanena. Na taka sau ɗaya, motar ta yi wannan kukan na sufacaja, ta manna mu da kujera, ƙanena yana ta kabbara. Na sake takawa. A giya ta uku na ji wata 'yar ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Daƙiƙa biyu ko uku, ba ta fi haka ba. Na ɗauka wani ƙarfe ne ya saki a ƙasa, ban ɗaga ƙafa ba. Sai motar ta yi sanyi, ta fara rawa, na duba madubi na ga hayaƙi shuɗi ya rufe hanya har ba na ganin tirelar da ke bayanmu. Da na buɗe bonet, sandar awon baƙin mai ta yi tsalle ta fito, mai ya wanke gefen inji yana ɗiga a kan salansa yana hayaƙi. Muka zauna a gindin wata darbejiya muna jiran janwe har aka kira magariba. Wani mai rake ne ya ba mu ruwan leda biyu muka sha ruwa. Ƙanena bai ce mini uffan ba, ni ma ban ce ba. Kuɗin da na tara don gyaran rufin ɗakin Hajiyarmu kafin damina na taɓa a aikin nan, shi kaɗai nake tunani a wajen.

Da muka sauke tof, fistin na shida ya karye a tsakanin ringi, gutsuren ya kankare silinda kamar an ja ƙusa. Fulogin ya yi fari fat da ɗigo-ɗigon ƙarfe a jiki. Fetur ya yi kaɗan, iska ta yi zafi, wuta ta riga lokacinta tashi. Injin nan matsinsa 10.5 ne tun daga kamfani, ga fetur ɗinmu iri ɗaya ne a kowane famfo, ba ka da zaɓin mai lambar octane 98, wanda ya fi jure matsi, kamar waɗanda kake kallo a YouTube. Su a sanyi suke gwaji. Kai kana shaƙar iska mai digiri 41 ko 42 kafin ma a matsa ta. Da na sa na'urar awon zafi a inji na biyu ba tare da intakula mai sanyaya iskar ba, ta haura digiri 100.

Don Allah kafin ka sayi komai, sayi agogon awon cakuɗar iska da mai, a huda salansa a ɗaura masa sensa, ka kafa shi inda idonka zai gani. A tsaye zai nuna maka wajen 14.7, wannan daidai ne. Idan ka taka iska ta shigo, ya sauko 11.5 zuwa 12. Ka ga 13 ko sama, mai ya yi kaɗan ke nan, ɗaga ƙafarka a take, ko waye a motar, ko wa kake so ka burge. Wannan agogon da ina da shi ranar nan da injina na nan. 

Ni yanzu wata ƙaramar kwamfuta mai suna AEM FIC na jona a kan birenbos na asali, don na asalin yana magana da agogon gaba da AC, idan ka cire shi gaba ɗaya ka jawo wa kanka wani aikin. AEM ɗin ne yake ƙara mai, yake ja da lokacin wuta baya. Nozul manya, famfon mai Walbro 255, fulogi mai sanyi mataki ɗaya a matse bakinsa kaɗan. Kada ka manta da bawul ɗin da ke mayar da iska idan ka saki totur, kuma iskar ta koma bayan sensar iska, in ba haka ba motar za ta riƙa mutuwa a danja. Intakula kuwa a Kano dole ce, sai dai za ta tare wa lagireto iska, to ka tabbatar fankokinka biyu lafiya lau suke kafin ka shiga cunkoson Kurna da rana. Giyabos ma ka sa masa nasa ɗan lagireton.

Af, matatar iska. Kada ka sa irin buɗaɗɗiyar nan mai kamar mazurari a cikin bonet. Zafi take sha, kuma da hunturu ƙura za ta bi ta goge fentin da ke jikin fukafukan ƙarfen. Ka juya naka da hannu ka ji, in hancinsa yana ƙwas-ƙwas to wani abu ya ci a ciki, ka gyara shi ka canza mansa tun yana ƙasa.

Sannan ina roƙonka da girman Allah, in ta tashi kada ka kai ta wasan mota a ɗaurin aure. Na ga yaro ɗan shekara bakwai ya tsallake rijiya da baya a unguwarmu saboda wannan, uwarsa ta fito ba ko mayafi. Birkinka ma ka duba shi tun yanzu, da tayoyi, yawancinmu Beljiyam muke sawa ba ma karanta shekararsu. Kuma in wannan ce motar da kake kai yara makaranta da ita, ka dakata sai ka samu wata, don za ta yi watanni a kan jak, maiɗakinka kuma ita za ta sha wahalar Adaidaita.

Inji na biyu sai bayan wata tara na iya saye, rufin Hajiya kuwa sai da damina ta wuce a kansa. Ka auna mini faɗin fulin karanshaf ɗinka da na sufacajar da milimita, ka turo da hoton hancinta, in lissafa maka juyin. Kwalin da na zana burakit ɗina a kai yana nan a gareji, in kana so ka zo ka ɗauka ranar Asabar bayan la'asar.