Tambaya da Amsa: Ciwon gaɓɓan Mama da farin da ya fito mata a harshe

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana, daga Garwa nake. Mamata shekara huɗu kenan tana fama da ciwon gaɓɓai, yatsun hannu biyun duka sun kumbura, da asuba ko carbi ba ta iya ja sai rana ta ɗaga. A lopital suka ce poliartrit ne, suka ɗora ta kan methotrexate da prednisone, in ciwon ya matsa kuma tana ƙarawa da wasu ƙananan ƙwayoyi da take siya gun mai tebur. Yanzu harshenta ya yi fari kamar an shafa kindirmo, ga ƙaiƙayi a ƙasan mama da matsematsi. Yayarta ma haka ta yi fama har ta rasu. Mu daina maganin ne? Kuma ni ma gadonsa zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya. Bari in fara da na gadon tunda na ga shi ya hana ki barci.

Wannan ciwon ba sanyin ƙashin tsufa ba ne, garkuwar jiki ce ke rikicewa ta koma tana yaƙar gaɓɓan mai ita. Kuma eh akwai gado a ciki, masana sun daɗe da gano wani ɓangare na ƙwayoyin halitta da ake kira HLA-DRB1 wanda wasu nau'o'insa ke ƙara haɗarin, kuma mata sun fi maza kamuwa kamar ninki biyu zuwa uku. Amma kin ga ko tagwaye masu kama ɗaya sak, in ɗaya ta kamu yawanci ɗayar ba ta kamuwa, to balle ke da rabin jininki na babanki ne. Abin da aka tabbatar yana tayar da shi ga mai gadon shi ne taba sigari, ciwon dasashi ma ana danganta shi da shi. In wata rana kika ga yatsunki na sandarewa da safe fiye da rabin awa har sati shida, je ki a miki gwajin jini na anti-CCP, wanda ke taimakawa a gano wannan ciwon, kar ki tsaya shafa man zafi.

Ni wanda ya fi damuna harshen Mama ne. Magungunan nan aikinsu su kwantar da garkuwar jiki dan ta bar gaɓɓai su huta, to in mai gadi ya yi gyangyaɗi ɓarawo ma ya samu ƙofa. Farin nan alama ce ta kandida, ƙwayar cuta ce dangin funfuna, dama tana zaune a bakin mutane da yawa, sai garkuwa ta yi sanyi take yaɗuwa. Ƙaiƙayin ma ko ita ce ko makero, ga zafin Garwa ga gumi. Sai dai a bari likita ya leƙa bakin da idonsa, dan methotrexate kansa yana kawo gyambon baki in ya yi yawa a jiki, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A duba sugarta ma, prednisone na ɗaga shi, kandida kuwa tana son mai suga.

Ƙwayoyin mai tebur ɗin nan wallahi su nake zargi. Sau da yawa dexamethasone ne, ɗan uwan prednisone amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, mutum ya sha ya ji garau har ya yi shara, kumatu su cicciko a ce ya yi ƙiba, alhali garkuwa ce ake ta dannewa. Ki tattara su har da kwalin ki kai wa likita. Haka man shafawa na tub da ake siya dan ƙaiƙayi, da yawansu akwai betamethasone ko clobetasol a ciki, su ma dangin prednisone ne, ja ya lafa kwana biyu makeron kuma ya ƙara faɗi.

Kar ku yanke prednisone rana ɗaya, jikin da ya saba da shi zai iya faɗuwa, a hankali likita ke rage shi. Methotrexate kuma sau ɗaya ne a SATI ba kullum ba, tare da folik asid, kuma kar wani ya ba ta Bactrim, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, a kai, haɗin nan yana iya karya jini mummunan karyawa.

Akwai irin funfunar da ke shiga huhu, ɗaya ana shaƙarta daga ƙurar kashin jemage da na tsuntsaye, saboda haka sharar akurkin kaji da ɗakin tattabaru da tsohon rumbu a ɗauke wa Mama, ku yara ku yi. In ta fara zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ko busasshen tari da haki, ko rama, ko haɗiya ta koma mata da zafi, ranar za ku hau moto zuwa lopital, ku faɗa musu duk abin da take sha, su duba har da tarin fuka.