Kun Tambaya: Wane ne Nene Pimentel, magajin garin da ya rubuta dokar ƙananan hukumomin Filifin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina son ƙarin bayani, malaminmu na kwas ɗin mulkin ƙananan hukumomi ya ambaci wani ɗan siyasar ƙasar Filifin wai shi Pimentel, yace daga magajin gari ya zama sanata kuma shine ya ƙwato wa ƙananan hukumominsu 'yanci, toh wai wane ne shi kuma ya akayi ya kai can? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, malaminku ya zaɓo muku mutumin da ya cancanci a karanta. Cikakken sunansa Aquilino Pimentel Jr., amma kowa a ƙasar Nene yake ce masa. An haife shi a 1933 a lardin Misamis Oriental da ke tsibirin Mindanao can kudancin ƙasar, lauya ne, a Jami'ar Xavier ta birnin Cagayan de Oro yayi karatun lauyan. Ya fara shiga harkar siyasa ne a 1971 da aka zaɓe shi wakili a taron rubuta sabon tsarin mulki, toh ana cikin wannan aiki sai Shugaba Ferdinand Marcos ya ƙaƙaba dokar soja a watan Satumba na 1972, taron ya koma na 'yan amshin shata, shi kuwa Nene yana cikin 'yan tsirarun da suka ce ba su yarda da kundin da aka fitar ba. A 1973 aka kama shi aka tsare a barikin Crame.

A 1978 ya tsaya takarar majalisa a Manila tare da jagoran 'yan adawa Ninoy Aquino a ƙarƙashin jam'iyyar LABAN, shi Ninoy ɗin ma daga gidan yari yake takarar. Daren jajiberin zaɓe mutanen Manila suka fito ƙofar gidajensu suna kaɗa tukwane da murafai, masu mota na danna hon, gari ya ɗauki ƙara har dare ya raba, domin wannan ce kaɗai hanyar da ta rage musu ta nuna wanda suke so. Amma da aka faɗi sakamako 'yan takarar LABAN 21 babu ko ɗaya da aka ce ya ci, 'yan takarar jam'iyyar gwamnati da Imelda matar Marcos ke jagoranta a Manila suka lashe komai. Suka fito zanga-zanga kan maguɗi, aka sake kama shi.

Daga nan fa sai ya koma gida. A 1980 ya ci kujerar magajin garin Cagayan de Oro a ƙarƙashin wata ƙaramar jam'iyyar adawa mai suna Mindanao Alliance, a lokacin da kusan ko'ina jam'iyyar Marcos ce ke ci. Ba a daɗe ba hukumar zaɓe ta sauke shi da hujjar wai ya sauya sheƙa, dubban mutanen garin suka cika titi har sai da aka mayar da shi kujerarsa. A 1983 aka kuma kama shi da tuhumar tawaye, wai ya ba wani kwamandan 'yan tawayen kwaminisanci peso 100, mutanen garinsa suka yi karo-karo da 'yan canjinsu domin belinsa. A tsakanin nan ne ya kafa jam'iyyar PDP ta can ƙasar wadda ta haɗe da LABAN ta zama PDP-Laban, kuma a 1984 ya ci kujerar majalisar ƙasa. Marcos ya faɗi a Fabrairun 1986, Cory Aquino matar marigayi Ninoy ta hau mulki ta naɗa shi ministan ƙananan hukumomi, a 1987 ya zama sanata. Ka lura da wani abu ɗan'uwa, sanatocin Filifin 24 ne kacal kuma duk ƙasar ce mazaɓarsu, kenan ɗan Mindanao sai ya nemi ƙuri'a har arewacin tsibirin Luzon kafin ya shiga zauren.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ce, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da aka ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye muke ta sa rai, na ji ance Filifin sun riga mu yin haka tun da daɗewa, shin da gaske ne kuma talaka ya gani a ƙasa? Daga wata baiwar Allah a Katsina.

Amsa: Hajiya da gaske ne, kuma aikin Pimentel ɗin nan ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 1991 ce, mai lamba 7160, Cory Aquino ta sa mata hannu a watan Oktoban 1991 ta fara aiki 1 ga Janairun 1992. Mutumin da ya riƙe birni yana ɗan adawa a zamanin da ake riƙe komai a Manila ya san zafin abin da kansa, shi yasa dokar bata tsaya ga daɗin baki ba, kai tsaye ta shiga maganar kuɗi. Tace kashi 40 cikin 100 na harajin cikin gida da gwamnatin tsakiya ta tara za a raba wa hukumomin ƙasa da ita, larduna su ɗauki kashi 23, birane 23, gundumomi 34, sai barangay su ɗauki 20, barangay shine matakin mulki mafi ƙanƙanta, unguwa ko ƙauye mai zaɓaɓɓen shugaba da kansilolinsa, kuma akwai su sama da 40,000. Wajen rabo tsakanin larduna da birane da gundumomi rabi ana duba yawan jama'a ne, kwata girman ƙasa, kwata kuma raba daidai. Abin da ya fi burge ni shine dokar tace kuɗin ya sauka kai tsaye hannun ma'ajin kowace hukuma, babu mai ikon riƙewa, gwamnan lardi nasa kason daban, bai da hanyar taɓa na magajin gari, babu wani asusun haɗaka irin wanda ya daɗe yana cin ƙananan hukumominmu. Sannan zaɓen magajin gari da kansiloli hukumar zaɓe ta ƙasa ce ke yi, ba wata hukuma da gwamna ya naɗa ba, wa'adi kuma shekara 3 ne, sau uku a jere ka sauka.

Kuma ba kuɗi kawai aka miƙa ba, har da aiki. Asibitocin larduna da ƙananan asibitocin karkara, malaman gona, jin daɗin jama'a, duk aka cire su daga ma'aikatun Manila aka ba gwamnoni da magadan gari tare da ma'aikatansu. Toh a nan ne aka fara jin jiki Hajiya, kuma ke da kike cikin aikin za ki fi kowa ganewa. Lardi matalauci ya wayi gari da babban asibiti a wuyansa, kason da aka ba shi bai kai kuɗin magani da albashi ba, likitoci da nas-nas suka ga ƙarin girmansu ya koma hannun ɗan siyasar garinsu, wanda ya samu hanya ya gudu birni ko ƙasar waje, shi kuwa birni mai kamfanoni da harajin kansa irin Makati sai ƙara gaba yake. Sai a 2019 da aka yi dokar kula da lafiyar kowa aka fara ƙoƙarin sake ɗinke harkar lafiyar a matakin lardi. Kuɗin ma sai da aka je kotu, a 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a shari'ar da Hermilando Mandanas na Batangas ya shigar cewa dole a lissafa kason daga dukkan harajin ƙasa har da na kwastan, aka fara aiki da hukuncin a 2022.

Inda aka dace da shugaba na gari kuwa an gani a ƙasa sosai. Jesse Robredo da ya riƙe birnin Naga daga 1988 ya shigo da ƙungiyoyin talakawa cikin tsara ayyukan birnin, har ya samu lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 2000. Ni a ganina dokar ta yi rabin aikin ne, ta sauko da kuɗi da iko kusa da mutane, amma ta bar tambayar hannun wa za su faɗa a buɗe, kuma a garuruwa da yawa hannun gida ɗaya suka faɗa.

Tambaya: Malam wai Musulmi ne shi? Naga kun ce ɗan Mindanao ne kuma mun san can ne 'yan'uwanmu Musulmin Filifin suke. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a ɗan'uwa, Kirista ne ɗan Katolika, kuma Cagayan de Oro birni ne da Kiristoci suka fi yawa, duk da dai bai da nisa sosai da Marawi, birnin Musulmi. Amma yana da hannu dumu-dumu a maganar Musulmin, yana cikin waɗanda suka tsaya kan dokar 1989 da ta kafa yankin Musulmin Mindanao mai cin gashin kai, wanda larduna huɗu ne kawai suka amince su shiga a ƙuri'ar raba gardama ta farko, Lanao del Sur da Maguindanao da Sulu da Tawi-Tawi. Daga baya yayi ta cewa wannan bai isa ba sai an koma tsarin tarayya, a 2008 ya gabatar da ƙudurin raba ƙasar jihohi 11, ɗaya daga ciki ta Bangsamoro, wato ta Musulmin Mindanao. Ƙudurin bai wuce ba, yankin Bangsamoro na yanzu ta hanyar sulhu da ƙungiyar 'yan tawayen Musulmi ta MILF aka same shi, aka kafa shi a 2019.

Tambaya: Malam na taɓa zama a Jidda da 'yan Filifin shekaru masu yawa, kuma abin da suke faɗa kullum shine siyasarsu ta gado ce, uba ya sauka ɗa ya hau. Shi wannan Pimentel da ake yabo ai ɗansa ma yayi sanata, kuma na ji shi da kansa ya taɓa naɗa kantomomi. Ina bambancinsa da sauran? Daga wani dattijo a Kano.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, abin da kuka faɗa duk haka yake, ba zan kare shi a inda bai da kariya ba. A 1986 yana minista ya sauke gwamnoni da magadan garin zamanin Marcos ya maye gurbinsu da kantomomi, hujjarsa ita ce waɗancan da maguɗi suka hau kuma idan aka bar su za su rusa sabuwar gwamnati daga ƙasa. Akwai gaskiya a ciki, amma an sauke har da waɗanda jama'arsu ke so, ƙorafi yayi yawa, kafin ƙarshen shekarar aka ɗauke shi daga ma'aikatar. Ku duba kuma su wa suka fito daga wannan naɗi, Jejomar Binay aka ba Makati, gidansa suka riƙe birnin shekara da shekaru tsakanin shi da matarsa da 'ya'yansa, Rodrigo Duterte da ya zama shugaban ƙasa daga baya kuma mataimakin magajin garin Davao aka naɗa shi a lokacin, daga nan ya zama magajin gari, 'yarsa Sara da ɗansa suka biyo baya. Tsarin mulkin 1987 ya hana siyasar gado amma yace majalisa ce za ta fayyace da doka, majalisar da 'yan gadon suka cika kuwa ta kwashe sama da shekara 30 bata yi ba. Iyakar wa'adi ukun ma sai ta zama ƙofa, miji ya sauka mata ta riƙe masa kujerar shekara 3 ya dawo. Ɗansa Koko ya tsaya sanata a 2007, aka ce ya faɗi, yayi ta shari'a kan ƙuri'un Maguindanao da wasu wurare har 2011 kafin ya karɓi kujerar, a 2016 ya zama shugaban majalisar dattawa kamar ubansa. Da sunan uban ya shiga, wannan babu musu.

Bambancin da nake gani Baba yana wajen ranakun da aka ce ya zaɓa tsakanin kujera da abin da ya yarda da shi. A Satumban 1991 yana cikin sanatoci 12 da suka kayar da yarjejeniyar tsawaita zaman sansanin sojan Amurka na Subic, alhali Cory da ta jawo shi gwamnati ita ce ta fito titi da kanta tana neman a amince. Shekarar da ta biyo baya ya tsaya mataimakin shugaban ƙasa tare da Jovito Salonga suka sha ƙasa, a 1995 ma ya rasa kujerar sanata a zaɓen da ya dage cewa an zaftare ƙuri'unsa an yi wa wasu aringizo, sai 1998 ya dawo.

Sai kuma daren 16 ga Janairun 2001. Yana shugaban majalisar dattawa, ana shari'ar tsige Shugaba Joseph Estrada, Alƙalin Alƙalai Hilario Davide na jagoranta, duk ƙasar na gaban talabijin. Masu gabatar da ƙara suka nemi a buɗe wani ambulan na biyu mai takardun banki na wani asusu mai sunan Jose Velarde da suke zargin na shugaban ne, aka kaɗa ƙuri'a, 11 suka ce kar a buɗe, 10 suka ce a buɗe. Pimentel da aka ɗora kan kujerar watanni biyu da suka wuce da ƙuri'un mutanen Estrada ya zaɓi a buɗe, kuma nan take ya sanar cewa ya ajiye shugabancin, masu gabatar da ƙara suka tattara takardunsu suka fice, mutane suka dinga tura wa juna saƙon tes suna taruwa a babban titin EDSA na Manila, ranar 20 ga wata Estrada ya bar fada mataimakiyarsa Gloria Arroyo ta sha rantsuwa. An sake zaɓensa a 2004, ya jagoranci marasa rinjaye har ya bar majalisa a 2010.

Jam'iyyar da ya kafa domin yaƙar kama-karya ita ce ta ɗauki Duterte zuwa fadar shugaban ƙasa a 2016, kuma wannan ma yana cikin lissafinsa Baba, domin alƙawarin tsarin tarayya ne ya ja shi. Duterte ya sa shi a kwamitin duba tsarin mulki na 2018 ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Reynato Puno, suka miƙa daftarin tarayya a watan Yulin shekarar, majalisa bata kai shi ko'ina ba. Ya rasu ranar 20 ga Oktoban 2019 yana da shekara 85, kuma a 2021 jam'iyyar ta dare gida biyu, ɓangaren Duterte da ɓangaren ɗansa Koko da ɗan dambe Manny Pacquiao.