Zan Tare a Maraɗi, Me Zan Fara Koya?

Tambaya: Ni Bakanuwa ce, mijina ɗan Maraɗi ne a Jamhuriyar Nijar, bayan Sallah zan tare. Me ya fi rikita baƙuwa a can?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri. Fara da lissafin kuɗi, don nan baƙi suka fi yin asara. Sefa ake kashewa, amma a kasuwa da dala ake ƙirge, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai tumatir ta ce "dala ashirin", sefa 100 take nufi. Dala ɗari sefa 500 ce, jaka guda kuma 1,000. Duk lambar dala da kika ji, ki ninka ta sau biyar. Makon farko ki riƙa fita cefane da ƙanwar miji har kunnenki ya saba, kada kunya ta hana ki tambaya.

Hausarsu ma da ɗan bambanci: fura "hura" ce, makarantar boko "lakwal". Lambar waya alƙaluma takwas ce, kuma galibi da Faransanci ake faɗinta bibbiyu, saboda haka ki haddace ƙirga zuwa 100.

Takardun ofis da Faransanci ake rubuta su. Ki sa maigida ya yi rajistar aurenku a ofishin magajin gari, ki tabbata an rubuta sunanki daidai da na fasfonki, domin harafi ɗaya kan kawo cikas ranar karɓar takardar haihuwar yaro. Ki tafi da katin rigakafin cutar shawara.

Gaisuwar surukai kuwa, ki durƙusa, ki tambayi gajiya da iyali, ba gaggawa.