Hotona ya yi ƙanƙanta, ya za a yi ya cika banar talla?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗinki a Agege. Na kai hoton kayana Shomolu a buga mini bana mai faɗin ƙafa 6, sai mai bugawa ya ce hoton ya yi ƙanƙanta, wai faɗinsa ɗigo (pixel) 1200 ne, tsayinsa 800. Ɗana ya ce akwai manhajar da ake rubuta wa umarni ta ƙara masa girma. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron ya yi gaskiya. Sunanta ImageMagick, kyauta ce, kuma tsohuwar hannu ce, tun 1990 aka sake ta ga jama'a. Tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ko a wayar Android ma, in an saka Termux, manhajar rubuta umarni a waya, sai a rubuta pkg install imagemagick. Umarnin da zai rubuta ke nan:

magick kaya.jpg -filter Lanczos -resize 3600x bana.png

Faɗin zai koma 3600, tsayin kuma ya bi shi da kansa ya zama 2400. In tsohon zubi na 6 ne a kwamfutarsa, convert zai rubuta maimakon magick.

Sai dai ka san abin da za ka samu tun kafin ka biya kuɗin bugu. Hotonka ɗigo 960,000 ne. Bayan ƙarin zai zama 8,640,000, wato ninki tara. Daga ina sauran suka fito? Lissafi ne kawai. Manhajar tana duba launin ɗigon da ke maƙwabtaka, ta ƙiyasta launin da ya kamata ya zauna a tsakaninsu. Kamar ƙara wa koko ruwa ne: kofin zai cika, amma geron bai ƙaru ba. Zaren surfanin da kyamara ba ta kama ba, babu umarnin da zai dawo da shi.

Abin da ke bayan -filter shi ne hanyar ƙiyasin. Triangle maƙwabta 4 take dubawa, hoto ya fito dishi-dishi. Catrom tana duba 16. Lanczos ta fi su faɗaɗa dubawa, gefuna su fito tsaf, amma wani lokaci takan bar ɗan haske a bakin abu mai duhu, musamman baƙin yadi a kan farin bango. In ka ga haka, ka koma Mitchell, wadda ita ce manhajar ke ɗauka da kanta wajen ƙara girma in ba a zaɓa mata ba. Ni dai a kan hoton fuska ita na fi so.

Shin 3600 ya isa? Ƙafa 6 inci 72 ne, ka ga ɗigo 50 a kowane inci ke nan. A katin biki da ake riƙewa a hannu, inda ake neman 300, wannan ba zai yi ba. Amma banar da ake hangowa daga tsallaken titi, ya wadatar.

Kafin duk wannan, ka binciki asalin hoton. Girman da ka faɗa ya yi kama da wanda ya biyo ta WhatsApp, ita kuwa matse hoto take yi. Kyamarar waya mai megafiksel 12 takan ba da faɗin ɗigo 4000 ne. A ɗauko shi daga wayar da ta ɗauka, a turo shi a matsayin fayil, wataƙila ma ba ka buƙatar ƙarin komai.

Tambaya: Malam, na ƙara girman lambar QR ta shagona a Mile 12, amma wayoyin masu saye sun ƙi karanta ta.

Amsa: Hajiya, a nan ƙiyasin ne ya ɓata aikin, domin ya cusa ruwan toka tsakanin baƙi da fari. A koma kan asalin a rubuta:

magick qr.png -filter Point -resize 800% babba.png

Point ba ta gauraya launi, kwafin ɗigon da ya fi kusa kawai take yi. Ki tsaya kan cikakken ninki, 400% ko 800%, ki ajiye shi a PNG, kuma kada mai bugawa ya yanke farin filin da ke kewaye da lambar.