Me ya sa bututun ban-ruwa ke tsagewa tun bai tsufa ba?

Tambaya: Wani manomin tumatir daga Kadawa ya ce baƙin bututun roba da ya shimfiɗa a gonarsa ya fara tsagewa a rani na biyu, alhali mai shago ya ce masa zai yi shekara 50. Yaudararsa aka yi?

Amsa: Malam manomi, shekara 50 ɗin tana da tushe, amma an lissafa ta ne bisa ruwa mai ɗumin digiri 20. Gonarka a watan Afrilu, inda ko a inuwa zafi kan wuce digiri 40, ta fita daga wannan lissafin.

Iskar oksijin tana cin roba a hankali. Shi ya sa masana'anta ke zuba wani sinadarin kariya tun wajen narkawa, wanda ke tare oksijin kafin ta taɓa jikin robar. Sinadarin nan kamar guzuri yake, kullum raguwa yake yi, ba a kuma ƙarawa. Muddin da saura, bututu na nan garau. Ranar da ya ƙare, robar ta soma bushewa daga ciki, ƙananan tsaga su fito, sai wata safiya ka tayar da inji ka ga ruwa na tsartuwa. Zafi ne babban mai cinye shi: ƙarin digiri 10 kan kusan ninka saurin lalacewar. Ƙarfin bututun ma raguwa yake yi, a digiri 40 kusan kashi 74 cikin 100 na matsin da aka rubuta a jikinsa yake iya ɗauka.

Abin da na fi zargi a naka shi ne an yi shi da tsohuwar roba da aka sake narkawa, wadda kariyarta ta riga ta ƙare. Wannan yana ƙona mini rai, domin manomi ne ke asara a tsakiyar rani. Nan gaba, kafin ka biya kuɗi, duba jikin bututun ko akwai sunan masana'anta, da alamar ƙarfin robar, PE80 ko PE100, da lambar matsin ruwan da yake ɗauka. Yanka bakinsa ka duba: in ka ga tsakuwa-tsakuwa ko kauri ba daidai ba, bar musu kayansu. Babban layi kuwa ka binne shi, ƙanana ka rufe su da ciyawa.

Tambaya: An kawo mini PEX, an ce ya fi ƙarfi. In shimfiɗa a lambu?

Amsa: A'a, Alhaji. PEX roba ce da aka sarƙe ƙwayoyinta da juna, dabarar da Bajamushe Thomas Engel ya fito da ita a shekarun 1960, don ta jure ruwan zafi a cikin gini. Sarƙewar ba ta hana oksijin ci, kuma yawancinsa ba ya da baƙin sinadarin kabon, kashi 2 zuwa 2.5 cikin 100, da ke kare bututun gona daga hasken rana. 'Yan watanni a fili sun isa su raunana shi. Ba a kuma jona shi ta hanyar narka bakinsa da wuta, sai da mahaɗi na musamman. Kai shi banɗaki ko ɗakin kaji, cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa.

Tambaya: Ina wanke layin ɗigo da kulorin saboda gansakuka. Akwai illa?

Amsa: Akwai, kulorin na cinye sinadarin kariyar. Kada ka wuce ma'aunin da masana'anta ta bayar, kada kuma ruwan ya kwana a ciki. Da ka gama, buɗe ƙarshen layi ka kora da ruwa mai tsabta.